Aron Hannun Dama

A shekarar da aka rufe masallatan Juma'a saboda annoba, aka hana shiga Kano aka hana fita, a cikin azumin shekarar ne yayana ya rasu. Zazzaɓi ya yi na 'yan kwanaki, bai ko kwanta sosai ba. Da hantsi muka yi masa wanka, kafin azahar mun dawo daga maƙabarta. Ni na ja sallar, ni na shiga kabarin na karɓe shi. Ina tuna ƙasar tana da zafi a tafin ƙafata. Ban da wannan ban ji komai ba. Mutane suna zuwa gaisuwa, ina amsa musu da abin da ake amsawa. Na yi ta jiran baƙin cikin ya iso, kamar mai jiran motar kasuwa a bakin hanya, bai iso ba.

Gida ɗaya muke a Lausu, shi da iyalinsa a sashen gabas, ni a na yamma, zaurenmu ɗaya. Shi manomi ne na gaske, mai shanun huɗa. Ni tun ina ƙarami aka tura ni karatu, ban dawo ba sai da gemu. Sana'ata rubutu. Ina kwafe wa mutane littattafan addini da ajami, ina karantar da magidanta a zaure bayan la'asar. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya ƙanana, aka taru aka ce ni ne waliyyinsu. Na ce to.

Ruwa ya sauka, maƙwabta suka taimaka aka shuka dawa a gonarsa ta bayan gida. Dawa ta fito, ciyawa ta fito tare da ita. A cikin wannan halin ne wani mai goro ya tare ni a kasuwar Rano, ya ce tsohon makaɗin noma na Fammar yana nemana, kuma ya ce kada in ja lokaci.

Na san tsohon, kamar yadda kowa a ƙasarmu ya san shi. Shi ke kaɗa wa manoma ganga a wajen gayya tun zamanin mahaifinmu. Amma ban taɓa tsayawa kusa da gangarsa ba. Mu masu karatu in mun ji kiɗa a gona sai mu sauya hanya. Na hau babur na je. Na same shi a ƙofar ɗakinsa a kan buzu, an jingina shi da bango. Tun kaka ɓarin damansa ya shanye. Hannun yana kwance a cinyarsa kamar na wani, bakin ya karkace, magana tana fita ta gefe guda.

Bayan gaisuwa da ta'aziyya ya ce, "Malam, bara yayanka ya zo nan da shanunsa ya huɗe mini gona tas. Na ce me zan ba ka? Ya ce, Baba, baɗi zan kira gayya, ka zo ka yi mini yini guda, ka kaɗa mini takena. Na ce na ɗauka. To ga shi na ci dawar har ta ƙare. Shi ya tafi, ni hannu ya tafi."

Na ce, "Allah ya jiƙansa. Baba, an yafe."

"Wa ya yafe?"

"Ni."

"Kai a wa? Kai ka huɗe gonar? Yinin nan yanzu na marayu ne. Ko a littafinku waliyyi yana kyauta da kayan maraya?"

Ba ya yi, kuma mu duka biyu mun sani. Na ce to a ƙimanta yinin da hatsi. Ya ce ba hatsi suka yi da yayana ba, kuma ko da hatsin ne rumbunsa babu ko zangarniya. Na ce a nemo wani makaɗin ya tsaya masa. Ya yi tsaki, yawu ya zubo masa, ya goge da hagu.

"Waɗannan masu kunna na'ura a gidan biki? Taken yayanka ni na yi masa shi ranar da ya fara tsere wa sa'o'insa a kunya. A kaina kaɗai yake. 'Ya'yana sun ƙi ganga, suna kudu suna tuƙi." Ya ɗaga hannun hagu ya motsa yatsun. "Wannan tana nan da ranta. Hannun dama nake nema aro. Ba na son in kwanta a rami ana bi na, Malam. Ina jin tsoro."

Da a wata shekara ce da na nemi uzuri. Amma a lokacin eh da a'a nauyinsu ɗaya ne a bakina. Na duba a raina ban ga laifi a kiɗan da ake yi wa masu neman halal ba, na ga kuma tsoho yana tsoron abin da ya kamata a ji tsoro. Na ce zan dawo gobe.

Gangar babba ce, ta itace, fatar akuya gaba da baya. Ana kaɗa ta da gula, wato ɗan sandan nan mai lanƙwasasshen kai, a hannun dama, yatsun hagu kuma suna danne fatar suna saki, su ke sa ta magana. Muka zauna kafaɗa da kafaɗa, gangar a kan cinyoyinmu, shi ta hagu ni ta dama. Ya miƙo mini gular. Ta yi santsi don riƙo, wajen babban yatsa har ya lotsa.

Na buga.

"Innalillahi. Ta ci maka wani abu ne? Sake."

Na sake.

"Ka riƙe ta kamar alƙalami. Wa zai karanta? Saki yatsun nan, wuyan hannu ke aiki. Bar ta ta faɗa da kanta ta dawo."

Tsohon bai iya koyarwa ba. Shi bai taɓa koya ba, a ciki ya tashi, don haka bai san inda sabon shiga yake ɓata ba. In na tambaye shi sau nawa zan buga kafin in tsaya, sai ya ce, "Har ya isa." Yana rera mini kiɗan da baki, bakin kuma ba ya ba shi haɗin kai, sai ya fusata ya mangare ni a gwiwa da hagu. Wata rana ya ce kiɗana kamar jaki ya shiga rumfar masu kwano. Wata rana ya yi barci ina tsaka da bugawa. Ni ban ji haushi ba, ban ji kunya ba. Ina zuwa da safe, in buga, in koma. Tafin hannuna ya yi ƙuraje, suka fashe, suka bushe. Damina ce, fatar takan saki don laima, sai mu shanya gangar a rana mu zauna muna kallonta.

Abu ɗaya ya ba ni, ɗan gajere, a hankali ƙwarai. Ya ce in yi ta maimaita shi har hannu ya saki, take sai daga baya. Na ɗauka irin abin da ake ba kowane mai fara koyo ne, kamar yadda muke fara wa ɗalibi da baƙaƙe kafin wasali. Da na ga tafiyar kullum tana cin mai, ciyawa kuma ba ta jira, sai na roƙe shi ya bar ni in tafi da gangar gida in riƙa bita. Ya ce in ɗauka, kada dai ta sha ruwa.

A wurina inda ake bita shi ne zaure. Can nake bitar karatu tun dawowata. Don haka rannan bayan azahar, gari ya yi shiru, na shimfiɗa buzu a zauren gidanmu, na ɗora gangar a cinya, na shiga maimaita ɗan abin da aka ba ni.

Ban daɗe ba na ji an tsaya a kaina. Matar yayana ce. Tana cikin takaba, tun rasuwar ban ga fuskarta ba, ta bayan labule muke gaisawa. Da can tsakaninmu wasa ne irin na matar wa da ƙanin miji, ba ta ganina ba ta tsokane ni ba. Yanzu ga ta a bakin zaure ba takalmi, hannunta duk ƙullu, tana haki kamar wadda ta yi gudu. Ba ni take kallo ba. Ƙofar waje take kallo.

Ta daɗe a haka. Sannan ta sauke ido ta ga gangar, ta gan ni.

Ta ce, "Kai ne."

Na ce, "Ni ne, Yaya. Bita nake yi."

"Bitar takensa?"

A nan na sani. Na ajiye gular a kan buzu. Gaskiya ko a lokacin abin da na ji bai wuce sanyi a bayan wuya ba. Na gaya mata maganar tsohon da yinin da ake bin sa, yadda ake ba da labarin farashin kasuwa. Ta saurara har na gama. Ta goge hannu a zani.

"To in za ka kira shi, Malam, ka kira shi daidai. Ba haka yake tafiya ba. Kana haɗe shi."

Ta matsa jikin ƙyauren zaure ta ƙwanƙwasa da bayan yatsu. Abin da nake bugawa ne, amma a tsakiya ta tsaya. Tsayawar ta yi tsawo har na zaci ta gama, sai ta ci gaba.

"Nan wurin yake miƙewa ya tofa yawu a hannu. Ganga tana jiransa. Ina jin su daga madafa shekara da shekaru." Ta juya za ta shiga, ta tsaya. "Kuma kada ka ƙara yi a gidan nan. Yaran suna tambaya."

Washegari na gaya wa tsohon. Ya buɗe ido.

"A zaure? A gidan takaba? Kai, Malam! Wa ya taɓa koyon ganga a cikin gari? Bayan gari ake tafiya, inda ba mai ji sai kadangaru."

"Ba ka gaya mini ba, Baba. Ba ka kuma ce takensa ba ne."

"Da na ce takensa ne da hannunka ya yi nauyi. Kuma ina na ga lokacin da zan fara maka da wani abu? Dube ni." Ya nuna ƙafafunsa, sun kumbura har fatar tana ƙyalli. Can ya ce, "Ta ce akwai tsayawa?"

"Ta ce."

"Akwai. Na manta ban ba ka ba." Ya dubi hannunsa na dama. "Da kaina na sa ta a ciki, na manta."

Daga ranar na koma bita a gindin duwatsu, can bayan gari, inda Fulanin maƙwabtanmu ke kiwo. Shanu sukan ɗago kai su dube ni su mayar. Labari dai ya riga ya zaga. Limaminmu ya ce mini bayan sallar magariba, "Malam, an ce ka sauya allo, wannan na fata ne." Aka yi dariya, na ce haka ne. Wasu daga cikin masu ɗaukar karatu suka daina zuwa zaure. Na lura da wuraren zamansu babu kowa, kamar yadda mutum ke lura an sare bishiya a hanyar da yake bi.

Tsayawar nan ita ta fi ba ni wuya. Bugu ana koyonsa, amma shirun ban san tsawonsa ba. In na ƙirga a zuci, tsohon ya ce na yi gaggawa. In na ƙara, ya ce gayya ta watse ana jirana. Ya ce in daina ƙirge, in ga mutumin ya miƙe, ya tofa, ya murza, ya sunkuya. Na rufe ido na nemi yayana ban gan shi ba. Fuskarsa ma sai da ƙyar. Abin da nake gani kawai ƙullin likkafani. Sai na koma ajiye gular a cinya ina yin abin da kaina, in tofa a hannu, in murza, in ɗauka. Tsohon ya ce bai taɓa ganin makaɗi mai tofa yawu ba, amma tsawon ya yi.

Lokacin maimai, wato noma na biyu, ya zo, ciyawa ta kai gwiwa a gonar, dawa ta fara yin ja. Tsohon kuma tari ya kama shi, wasu ranakun ko zama ba ya iyawa. Na ce masa ban ƙware ba tukuna. Ya ce, "Ba za ka ƙware ba ko shekara goma ka yi. Kira gayya."

Na raba goro gida-gida. Yanzu mutane sun fi son aikin lada, samari da yawa suka ce suna da uzuri. Amma da dattawa suka ji tsohon Fammar ne zai zo, sai suka ce a sa da su. Matata da maƙwabta suka dama fura, matar yayana ta tuƙa tuwo daga cikin gida. Da sassafe na je na ɗauko tsohon a babur. Ba ya iya riƙe ni, sai na warware rawanina na ɗaure shi a bayana. Duk hanya kansa yana kan kafaɗata, yana zagin ramukan hanya.

Makaɗi a gayya bin manoma yake yi kunya-kunya, mu kuwa ba ma iya tafiya. Sai Bafulatanin da ke riƙe mana shanun yayana tun rasuwar ya ɗaura musu amalanke, aka shimfiɗa tabarma, aka ɗora mu a kai da gangar. Yana jan su a hankali ta gefen gona, daidai da masu noma. Shanun da suka huɗe gonar tsohon su ne suka ja shi rannan. Shi ya faɗi haka, ni ban lura ba.

Mutane suka jeru a bakin kunya, galibinsu masu furfura. Tsohon ya ɗora yatsunsa a kan fata ya ce, "Bismillah. Faɗa mata."

Na buga. Ban taɓa jin gangar da ƙarfi haka ba, don bai taɓa sa hagunsa da gaske ba sai ranar. Bugun nawa ne, amma maganar tasa ce. Wani dattijo a tsakiyar layi ya ɗago ya ce, "Allahu akbar, mai shanu!" Aka sunkuya. Fartanyoyi suka shiga ƙasa tare.

Da muka iso wurin tsayawa na ɗauke gula. Ban gaya wa kowa ba, tsohon ma bai gaya ba, amma layin gaba ɗaya ya miƙe. Suka tofa a hannu, suka murza. Gona ta yi tsit, har ina jin numfashin shanu da ƙarar muciya a tukunya ta bayan katangar gidanmu. Muciyar ma ta tsaya. Sannan suka sunkuya, na buga.

Take ɗaya na iya, shi muka yi ta yi. Wani ya ɗago ya ce, "Baba, ni fa nawa taken?" Tsohon ya ce, "Ka huɗe mini gona tukuna!" Aka yi dariya. Na yi kuskure ba adadi. Sau da yawa na riga shi, sau da yawa na makara, yana taka mini ƙafa da tasa mai lafiyar. Da rana ta take, kafaɗata ta mutu, ban ƙara jin hannun ba, ina dai ganinsa yana tashi yana sauka. Muka tsaya aka yi azahar a inuwar ɗorawa, aka sha fura. Na ce wa tsohon ya isa haka, kowa ya shaida. Leɓɓansa sun bushe, idonsa ya faɗa. Ya ce, "Yini muka yi da shi. Rabin yini ka gani a nan?" Aka mayar da mu kan amalanke.

Ba a gama gonar ba. La'asar ta yi saura 'yan kunyoyi ta wajen kwari, dattawa sun gaji, aka ce gobe maƙwabta za su ƙarasa. Aka sauko da tsohon aka jingina shi da gindin ɗorawa. Ya ce a kira masa liman da dattijon nan da ya yi kabbara. Suka zo suka tsuguna.

Ya ce, "Malam, kai ne waliyyi. Ga shaidu. Yinin da marigayi yake bi na, na kawo shi?"

Na ce, "Ka kawo, Baba."

"Ba wannan ba. Je ka tambayi uwar marayu. Ita ta san ko shi ne."

Na tashi na je bakin katanga na yi sallama. Tana nan kusa, ban ko ɗaga murya ba. Na faɗa mata saƙon. Ta ce, "Ka ce masa shi ne. Ka ce masa ya fita, ba a bin sa komai."

Na dawo na faɗa a gaban shaidu. Liman ya yi addu'a aka shafa. Tsohon ya rufe ido ya daɗe, har na matsa in duba numfashinsa. Ni ina tsugune ina jiran ko yanzu wani abu zai motsa a ƙirjina. Yatsuna ne kawai suka ƙi miƙewa daga yadda suka riƙe gula.

Ya buɗe ido ya miƙo hagu.

"Ba ni gulata. Ga hannunka nan, na mayar maka. Ka koma wa alƙalaminka, Malam, ba ka iya ba."

Na ɓamɓare yatsuna da ɗaya hannun, na ba shi. Ya cusa ta a aljihun rigarsa, ya ce a ba shi fura in ta rage.